Tururuwar Indra a Titunan Abuja

A zangon karatun da ya gabata, muna cikin darasin kwatanta adabi, muka kawo bayanin yadda mabiya addinin Hindu suke kallon zamani. Ba mu kai ƙarshe ba wani ɗalibi ya miƙe, ya ce shi Hausa ya zo karanta, ba bautar gumaka ba. Da yamma wasu abokan aiki suka ba mu shawara cikin ladabi, wai mu cire wannan babi domin a zauna lafiya. Ba za mu cire ba, kuma ga hujjojinmu.

Da farko, me muka faɗa? Cewa muka yi a wurin Hindu duniya ba sau ɗaya ake yin ta ba. Ana ƙaga ta, ta tsufa, ta narke, a sake wata. Sun kasa zamani gida huɗu, kowane suna kiransa yuga, kuma kowane ya fi na bayansa tsawo da nagarta. Na farko shekara 1,728,000 ne, na biyu 1,296,000, na uku 864,000, na huɗu kuwa, wato Kali, wanda suka ce a cikinsa muke, 432,000. In an haɗa su an sami shekara 4,320,000. Irin wannan zagaye dubu shi ne wuni guda na Birahma, wanda suke jingina wa halitta. In darensa ya yi sai kome ya narke, in gari ya waye a sake sabon lale. Iyakar laifinmu ke nan.

Hujja ta farko ita ce magabatanmu ba su ji tsoron wannan ilmi ba. Abu Raihan al-Biruni, malamin Musulunci da aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskirit, kuma wajen 1030 ya rubuta littafi sukutum a kan Indiya, inda ya zayyana lissafin waɗannan zamuna filla-filla, ya kuma yi musu suka inda ya ga dama. Har littafin Patanjali na horar da zuciya ya juya zuwa Larabci. Wa ya taɓa cewa al-Biruni ya bar addininsa? Sanin abu daban, gaskata shi daban. Mu nan, Musulminmu da Kiristanmu, mun yi imani halitta ɗaya ce, hisabi ɗaya ne, rai ba ya komowa a jikin wani. Imanin da darasin sa'a guda zai girgiza kuwa, da ma can jingine yake.

Hujja ta biyu, Indiya ta daɗe da shigowa ɗakinmu, yanzu ne muke neman sakata. Kalila wa Dimna, da Ibnul Muƙaffa ya fassara a ƙarni na 8, tushensa Indiya. Dabarar aku mai jan labari don ya hana wani fita, wadda Abubakar Imam ya sarrafa a Magana Jari Ce, masu nazari sun bi sawunta har can. Fiye da shekara hamsin muna kallon finafinan Indiya, mun ari kiɗansu da rawarsu mun zuba a namu. Ashe rawar halal ce, tunanin ne haram? Mun shanye romo, an kawo nama mun ce azumi muke.

Hujja ta uku ita ta fi damunmu, domin ta shafi garin da muke zaune. A ɗaya daga cikin littattafansu na Purana akwai hikayar Indra, sarkin allolinsu, wanda bayan ya ci wani babban yaƙi ya sa magininsa ya gina masa fada. Duk abin da aka gina sai ya ce a ƙara, har maginin ya gaji ya kai kuka sama. Sai wani yaro ya zo fadar, ya ga jerin tururuwa suna ratsa zaure, ya yi dariya. Da Indra ya matsa masa, yaron ya gaya masa cewa kowace tururuwa a jerin nan ta taɓa zama Indra a wata duniya da ta shuɗe.

Wanda ya san tarihin Abuja ba ya bukatar a fassara masa wannan. Jihadi ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka sa masa sunansa. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni. Aka ɗauke sunan, tsohon gari ya koma Suleja, aka tashi ƙauyukan Gbagyi. Ranar 12 ga Disamba, 1991, Babangida ya tare. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Nasiru el-Rufa'i, katafila ta bi unguwanni tana rushe abin da aka ce ya saɓa wa taswira. Gini, rusau, gini. Amma har gobe duk wanda ya hau kujera a garin nan sai ya yi ta jiniya kamar shi ne na farko kuma shi ne autan masu mulki, mu kuma da ke ƙasa hawan jini na cinmu saboda fili da muƙami. Bahaushe ya riga ya faɗa: duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bahindiye lissafi kawai ya yi wa wannan magana, ya miƙa ta har ta game sammai.

Wani zai ce irin wannan tunani yana kashe zuciya, yana sa talakan da aka rushe wa ɗaki ya naɗe hannu ya ce da ma kome mai narkewa ne. Wannan suka tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai hikayar da kanta ta amsa. Da Indra ya so ya watsar da mulki ya shiga daji, matarsa ta nemi malamin fada ya dawo da shi, aka koya masa ya riƙe aikinsa, amma ya daina ɗaukar kansa dauwamamme. Natsuwar da ake nufi ke nan: mutum ya yi aiki, ya nemi haƙƙinsa, ya tsaya wa wanda aka zalunta, ba tare da zuciyarsa ta zama baiwar abin da zai bari ba. Malamanmu na zaure zuhudu suke kiran abin da ya yi kusa da wannan, kuma ba su taɓa cewa zuhudu lalaci ne ba.

Saboda haka babin nan yana nan daram. Ɗalibin da ya miƙe muna yaba kishinsa, muna kuma gayyatarsa ya dawo aji da hujja, ya karanta, ya auna, ya ƙi abin da zai ƙi bisa sani, yadda al-Biruni ya yi. Jami'ar da ta koya wa 'ya'yanta toshe kunne ta tashi daga jami'a. Rashin sani dai, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.