Abokin Da Ba Ya Iya Doguwar Gaisuwa

A ƙasar Gobir, daga Kurawa zuwa Sabon Birni har Isa, ba a shiga magana sai an gama gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ruwa in damina ce. Kowace tambaya kuwa da amsarta a shirye. Wanda ya wuni yana huɗa, in an ce masa ina gajiya, sai ya ce babu gajiya. Wanda ya kwana a kan mara lafiya ya ce lafiya lau. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya, domin kowa ya san manufar gaisuwa ita ce a nuna wa mutum an gan shi, kuma shi namu ne. Da wannan mudu muke auna mutum. Mai gaisuwa, mai fara'a, mai zuwa biki da suna da ta'aziyya, shi ne ɗan mutunci.

To amma 'yan'uwa, da wuya a sami garin da babu wani magidanci ko wata baiwar Allah da wannan mudu ba ya aunawa daidai. In ka ce masa ina gajiya, sai ya tsaya ya ba ka labarin ciwon bayansa dalla-dalla. In an taru ana hira, yana gefe. In an buga ganga ko an kunna lasifika, ya toshe kunne ya fita. Amma taɓo masa zancen awaki, ko gyaran rediyo, ko lissafin ranakun kasuwa, ka ji ilimi har rana ta faɗi. Sunayen da ake ba irin wannan mutum sanannu ne: miskili, mai girman kai, dolo, wanda iskoki suka shafa. Ba duk mai shiru ne ke da lalura ba, amma a cikin waɗanda ake kira da waɗannan sunaye akwai masu yanayin da likitoci ke kira otizim, wanda gidajen rediyonmu kan fassara da galahanga, ko da yake wannan kalma ana haɗa lalurori dabam-dabam a cikinta.

Otizim yanayin ƙwaƙwalwa ne da mutum ke tasowa da shi tun yarinta, kuma yana tare da shi har tsufa. Ya shafi yadda mutum ke fahimtar magana da alamun fuska, da yadda yake jin ƙara da haske da taɓi, da kuma yadda yake son al'amura su riƙa tafiya a kan tsari guda. Gado yana da babban hannu a ciki. Ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Waɗansu ba sa magana sam, suna bukatar mai kula da su kullum. Waɗansu kuwa suna da sana'a da aure da 'ya'ya. Ƙididdigar duniya ta shekarar 2021 ta nuna kimanin mutum 1 cikin 127 yana da shi. Ke nan duk ranar da kasuwar Sabon Birni ta cika, suna nan a cikinta, suna saye da sayarwa.

An daɗe ana cewa masu otizim ba sa son mutane. Da suka fara magana da bakinsu, sai aka ji abin ba haka yake ba. A shekarar 1992, Jim Sinclair da Donna Williams da Kathy Grant, dukansu masu otizim, suka kafa ƙungiya tasu ta kansu, daga 1996 kuma ta fara shirya taron shekara-shekara a Amurka mai suna Autreat. A wannan taro suka riƙa amfani da wata dabara: mutum ya rataya kati a ƙirji. Ja yana nufin a bar ni in huta, ruwan ɗorawa yana nufin sai waɗanda na sani, kore kuwa yana nufin ina son hira amma fara magana na yi mini wuya, a zo a same ni. Mu dubi wannan koren kati da kyau. Mutum yana zaune shiru a gefe, zuciyarsa na marmarin aboki, alhali kuwa mai wucewa yana ganin girman kai ne.

Manyansu da aka yi hira da su sukan bayyana abota ta hanyar da ta bambanta da tamu. Aboki a wurinsu shi ne wanda ke faɗin abin da yake nufi, wanda za a zauna da shi ana aiki ɗaya ko da ba a ce uffan ba, wanda in an yi wata shida ba a haɗu ba, ba zai yi fushi ba, za a ɗora daga inda aka tsaya. Aboki ɗaya ko biyu na gaskiya sun fi musu majalisa cike. Temple Grandin, farfesar kiwon dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, wadda aka haifa a 1947, ta sha bayyana cewa abokanta ta same su ne ta wurin aiki da sha'awa iri ɗaya, wato zancen shanu da tsara shingayensu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin makiyaya biyu a ƙarƙashin gawo, ko maƙera biyu a bakin zuga-zugi. Bambancin kawai shi ne, a wurin mai otizim wannan zama shi ne abotar gaba ɗaya.

Al'adarmu kuwa cike take da maganar da ba a ɗaukarta yadda aka faɗe ta. Akwai kara: mai cin tuwo ya ce zo mu ci, ana sa ran ka ce na ƙoshi. Mai otizim yana iya wanke hannu ya zauna, domin an ce ya zo. Akwai habaici da zaurance da gatse. Akwai wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe, ko tsakanin taubasai, inda za a ce da mutum bawana ana dariya, kowa ya san ƙauna ce. Shi kuwa yana iya tafiya gida da maganar a zuci, ya kwana yana tunanin laifin da ya yi. In kuma ka tambaye shi ko sabuwar rigarka ta yi kyau, zai faɗa maka gaskiya, domin a ganinsa ɓoye wa aboki gaskiya cin amana ne.

Ga wani abin lura. A Turai da Amurka, rashin kallon mutum cikin ido yana cikin alamun da likita ke dubawa. A nan kuwa, yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba shi ake kira mai kunya da ladabi. Hali ɗaya ne, can ana ganinsa matsala, nan ana yabonsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ƙa'idodin zama da mutane, mutane ne suka shimfiɗa su, kuma kowace ƙasa da nata.

A kan haka ne Damian Milton, wani malamin jami'a a Ingila wanda shi ma yana da otizim, ya kawo hujja a shekarar 2012 cewa rashin fahimtar nan ta fuska biyu ce. Yadda yake wahalar karanta fuskarmu, haka mu ma muke wahalar karanta tasa. Bincike ya biyo baya. A 2017, Noah Sasson da abokan aikinsa a Amurka suka nuna wa mutane gajeren bidiyo na masu otizim. Cikin 'yan daƙiƙoƙi masu kallo suka yanke cewa ba su da sha'awar hulɗa da su. Amma da aka ba waɗansu maganar a rubuce kawai, ba murya ba hoto, wannan ƙyama ba ta bayyana ba. Ashe ba abin da suka faɗa ne ya kori mutane ba, yanayin murya ne da motsin jiki.

A Jami'ar Edinbara kuma, Catherine Crompton ta jera mutane 72 a layuka, ana ba na farko labari yana miƙa wa na gaba. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna layin masu otizim zalla ya riƙe labarin daidai da layin sauran mutane, layin da aka gauraya ne ya fi zubar da shi. Da aka maimaita gwajin da mutane 311, aka buga a 2025, ba a ga wannan zubewa a layin gauraye ba, amma an sake tabbatar da cewa masu otizim suna isar da saƙo kamar kowa. An kuma ga cewa jituwa ta fi kyau in an sanar da mutum yanayin abokin hirarsa. Sanin hali, in ji Hausawa, ya fi sanin kama.

Wani zai ce, ai gaisuwa tarbiyya ce, kowa koyonta ya yi, don me shi ba zai koya ba? Amsar ita ce suna koyo, har fiye da yadda muke zato. Da yawansu sun haddace gaisuwa kamar karatu, suna tilasta wa fuskarsu murmushi, suna danne motsin hannun da ke kwantar musu da hankali, don kada a gane su. Wannan ɓoyo yana da tsada. Sukan koma gida a gajiye liƙis, kuma binciken likitoci ya danganta shi da baƙin ciki mai tsanani, har da tunanin kashe kai. Ba muna cewa a daina koya wa yara gaisuwa ba. Muna cewa wanda ya riga ya yi rabin tafiya da kaya a ka, bai kamata masu yawa su zauna suna jiran ya ƙarasa sauran shi kaɗai ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar kowa ce.

An taɓa ganin garin da ya yi wannan tattaki. Donald Triplett shi ne na farko cikin yara 11 da Likita Leo Kanner ya bayyana a rahotonsa na 1943. A ƙaramin garin Forest na jihar Misisipi ya yi rayuwarsa. Yana da ɗabi'ar ba mutane lambobi, yana kuma harba musu ƙaramar roba a matsayin gaisuwa. Mutanen garin suka karɓi gaisuwar a yadda ta zo. Ya yi aikin banki shekaru masu yawa, ya tuƙa motarsa, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. 'Yan jaridar da suka je rubuta tarihinsa, mutanen gari sun ja musu kunne kada su kuskura su cuce shi. Gaskiya ne iyayensa masu hali ne. Amma abin da maƙwabta suka ba shi, ko sisin kwabo bai ci ba.

A yankinmu maganar ta wuce ta jin daɗin hira. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙaramar hukumar Sabon Birni, kuma tun daga 2019 dubban iyalai sun tsallaka iyaka zuwa Nijar, musamman jihar Maraɗi, waɗansu sun watsu cikin garuruwa. A ƙauyensu, kowa ya san halin wane, an saba. A baƙon wuri kuwa, mutumin da ba ya amsa tambaya da sauri, yana kawar da kai, yana maimaita magana ɗaya, yana iya jawo wa kansa zargi a shingen bincike ko a layin rabon abinci. A irin wannan rana, aboki guda da zai ce na san shi, haka Allah ya yi shi, yana iya zama tsakaninsa da halaka.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. In za mu yi masa magana, mu faɗi abin da muke nufi kai tsaye. In gayyata ce ta gaske, mu ce ta gaske ce. In wasa ne, mu ce wasa ne. In za a sauya lokaci ko wuri, a sanar da shi tun da wuri. Mu neme shi ta ƙofar abin da yake so, a gona ko a shago, maimakon jan sa cikin taro. In bai zo biki ba amma ya zo ya gyara mana darni ba tare da an roƙe shi ba, mu gane cewa gudunmawarsa ke nan. A majami'a, a bar masa wurin zamansa nesa da lasifika, kada a tilasta masa tafi ko musafaha, kada kuma a fito da shi gaban jama'a ana tsawata wa aljanin da babu shi. Iyalin da ke son tabbaci su nemi likitocin ƙwaƙwalwa, irin na asibitin tarayya da ke Kware ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mu kuma tuna cewa tun watan Janairu na 2019 Nijeriya tana da dokar da ta haramta nuna wa masu lalura bambanci.

Shugabannin zumuntar mata da na matasa, ku duba cikin rajistarku. Wane ne ke zuwa kowace Lahadi, yana zama wuri ɗaya, yana tafiya ba wanda ya taɓa taka ƙofar gidansa? A sa mutum ɗaya mai haƙuri ya ziyarce shi cikin wannan mako, ya tambaye shi lokacin da ya fi so a zo, ya kuma cika alkawarin lokacin. Allah ya ba mu ikon yi. Amin.