McCartney da jita: waƙoƙin sun ci riba, ƙungiyar ta biya

Duk wanda ya san ƙungiyar Beatles ta birnin Liverpool a Ingila, in aka ambaci Paul McCartney abin da zai faɗo masa shi ne bahagon nan mai riƙe da bas ɗin Höfner, wato jita mai tsirkiya huɗu da kaurin murya. Amma fa da jita mai tsirkiya shida ya shigo a 1957. Sai da Stuart Sutcliffe ya bar su a 1961 ya zauna a Hamburg ta Jamus, sannan bas ya faɗo hannunsa. Ra'ayina shi ne, hannun jitar nan bai taɓa barinsa ba, ya ƙawata fayafayan ƙungiyar, kuma yana cikin abin da ya ɓata zamansu.

A bi fayafayan ɗaya bayan ɗaya. A Help! na 1965, shi ya kaɗa jitar da ke jan gaba a "Another Girl", shi kaɗai ne kuma daga cikinsu a "Yesterday", da jitar katako da masu goge huɗu na haya. A Revolver na 1966 abin ya fito fili. "Taxman" waƙar George Harrison ce, shi ya rubuta ta yana kukan harajin Birtaniya, shi ne kuma mai jitar ƙungiyar. Amma gurbin da jita ke magana ita kaɗai a tsakiyar waƙar, McCartney ne ya cike shi, da sauri da zafi, har da ɗan ƙamshin kiɗan Indiya wanda Harrison ɗin ke ƙauna. A Sgt. Pepper na 1967 ya sake yi a "Good Morning Good Morning". A farin faifan 1968 ya zauna shi kaɗai ya yi "Blackbird", yatsunsa na tsinkar tsirkiyar ƙasa da ta sama tare, kamar mai bas da mai jita sun haɗu a hannu ɗaya.

To, a kunne kam ba abin kushewa. Harrison mai natsuwa ne, yana gina kiɗansa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. McCartney kuwa yana faɗawa ne kamar wanda aka biyo. Akwai waƙar da irin wannan garajen take so, kuma "Taxman" na cikinsu.

Sai dai ƙungiya ba kunne kaɗai ba ce, mutane ne. Ka ɗauka makaɗin kalangu ne a gaban taro, mai waƙa ya juyo ya karɓe kalangun ya nuna masa yadda ake yi. Ko da ya fi shi iyawa, ai ya taɓa masa mutunci. A "Hey Jude", Harrison ya so jitarsa ta riƙa amsa kowane baiti, McCartney ya ce a'a. A 1968 Ringo Starr ya yi fushi ya tafi na ɗan lokaci, McCartney ya hau ganga a "Back in the U.S.S.R.". A Janairun 1969 Harrison ma ya fice na 'yan kwanaki, bayan an sha ɗaukar gardamarsu a kyamara. Ruwa ba ya tsami banza.

Wasu za su ce rigimar kuɗi da ta manaja ce ta raba su a 1970. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma rigimar ta tarar da mutanen da suka riga suka gaji da juna a ɗakin ɗaukar waƙa.

Abin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi yana ƙarshen Abbey Road na 1969. A "The End" su uku suka jeru, McCartney, Harrison, Lennon, kowa ya kaɗa ɗan gajeren rabonsa ya miƙa wa na gaba, zagaye uku. Nan ne jitar McCartney ta fi yi mini daɗi, don tana da abokan hira. Ashe hanyar tana nan tun farko, sai dai ba su bi ta ba sai a faifan ƙarshe da suka ɗauka tare.

Wanda bai taɓa lura ba, ya saurari "Taxman", ya bi ta da "The End", sannan ya yanke hukunci da kunnensa.