Woodstock: Jirgin katako da ake ƙerawa a gareji

A shekarar 1978 wani Ba'amurke mai suna Jim Maupin ya tashi da ɗan ƙaramin jirgin sama da ya ƙera da katako, mai kujera ɗaya, ba shi da inji. Ya sa masa suna Woodstock. Irin wannan jirgi, wani jirgin mai inji ne ke jan shi da igiya zuwa sama ya sake shi, daga nan matuƙi ya riƙa neman iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa tana ɗaga shi, kamar yadda ungulu ke shawagi da rana tsaka ba tare da ta kaɗa fiffike ba.

Maupin ya zana jirgin ne domin mai ƙaramin ƙarfi. A lokacin jiragen shawagi na zamani, waɗanda masana'antun Jamus ke yi da gilashin roba, sun fi ƙarfin aljihun ma'aikaci. Sai ya koma ga katako, har ma ya kauce wa Sitka spruce, icen da masu ƙera jirage suka saba da shi mai tsada, ya ɗauki Douglas fir, wanda kafintocin Amurka ke gina gidaje da shi. Tsawon fukafukan ya kusa mita 12, nauyinsa kuwa kimanin kilo 107, wato buhun siminti biyu da 'yan kai. Duk gangarowar mita ɗaya, yana cin mita 24 a gaba. Manyan jiragen gasa sun ninka haka, amma su ba a gareji ake yin su ba.

Mai kallo zai ɗauka aikin kafinta ne kawai. Ba haka ba ne. Siffar fiffiken Irv Culver ne ya lissafa ta, tsohon injiniyan kamfanin Lockheed. Wanda ya sayi zanen Woodstock, lissafin gwani ya saya, nasa shi ne yanka da manna yadda aka rubuta. Gam ɗin da bai kama ba a ƙashin fiffike yana iya cin ran matuƙi, kuma a sama babu gefen titi da za a tsaya a duba.

Doka ma ta taimaka. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta yarda mutum ya ƙera jirginsa domin koyo ko nishaɗi, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Kafin ya tashi sai jami'i ya duba, sannan a gwada shi a keɓaɓɓen wuri, kuma ba a ɗaukar fasinjan kuɗi da shi. Haɗurra na faruwa duk da haka, musamman a tashin farko. Amma hanin baki ɗaya ba ya hana mai sha'awa, sai dai ya tura shi yin abin a ɓoye inda babu mai duba masa.

Najeriya ma ta taɓa cin moriyar wannan tsari. Air Beetle, jirgin koyar da tuƙi da aka harhaɗa a Kaduna domin rundunar sojin sama, asalinsa RV-6A ne, zanen da Richard VanGrunsven ya yi wa masu ƙera jirgi a gida. Matasan da ke haɗa jirage da tarkacen mota da babur a Arewa ba yabon Facebook suke buƙata ba. Ya kamata kwalejojin fasaha su samo musu tantancen zane irin na Woodstock, hukumar NCAA kuma ta turo wanda zai duba aikin kafin wani ya hau.