Sallamar Asibiti Ba Warkewa Ba Ce

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, duk ranar da 'yan bindiga suka tare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko suka afka wa wani ƙauye a ƙasar Zurmi, lissafi biyu ake bayarwa: mutum nawa aka kashe, mutum nawa aka sace. Akwai lissafi na uku da ba a cika jin sa ba, wato na waɗanda suka tsira da rai amma harsashi ya farfasa musu ƙashi, ko aka yanke musu ƙafa. Ƙara da waɗanda babur ya kayar a hanyar makaranta, da waɗanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. A cikinsu akwai malamai, akwai matan malamai, akwai ɗalibanmu. An ɗinke rauni, an rubuta sallama, an ce Allah ya ƙara sauƙi. Daga nan sai hukuma ta ɗauka ta gama nata.

Mu kuwa mun ce ba ta gama ba. Ranar sallama ce farkon rabin jinya na biyu, kuma wannan rabin ne ke yanke hukunci: malami zai koma gaban allo, ko zai ƙare a kan tabarma.

Masana lafiya sun tabbatar cewa wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya fi samun farfaɗowa a watanni uku zuwa shida na farko, muddin ana motsa masa gaɓoɓi bisa ƙa'ida. Idan aka bar shi kwance, tsoka ta tsotse, gaɓa ta ƙage, gyambon kwanciya ya fito. Wanda aka yanke wa ƙafa sai an riƙa ɗaure dungulmin ana horar da shi kafin ya karɓi ƙafar roba, yaro kuma sai an riƙa sauya masa ita yayin da yake girma. Wannan shi ne aikin likitan gashin ƙashi, aiki ne na mako-mako, ba na zuwa ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To ina ake samun wannan aiki? Ƙwararrunsa sun taru ne a manyan asibitocin Gusau da Sakkwato da Kano. Daga Ƙaura zuwa Gusau ya haura kilomita 50, daga Shinkafi ya haura 100, a kan hanyar da direba kansa ba ya hawa sai da addu'a. Mai neman ƙafar roba yakan nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta fara tallafa wa wannan sashe a 2016. A auna kuɗin mota da na ɗan rakiya da na masauki da albashin malamin firamare. Shi ya sa da yawa ke zuwa sau ɗaya ko biyu su haƙura. Ba sakaci ba ne, aljihu ne ya gaza.

Za a ce mana sai an samu tsaro tukuna. Wannan hujja kanta ce ke ƙarfafa maganarmu. Rashin tsaron ne ke yawaita masu rauni, shi ne kuma ke hana su kai wa Gusau. Idan majinyaci ba zai iya zuwa wurin likita ba, sai a kawo likita kusa da shi. Ƙungiyar agaji ta MSF ta shafe shekaru tana aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, musamman kan yara masu tamowa. Inda baƙo ya iya tsayawa ya yi aiki, mai gida ba shi da uzuri.

Za a kuma ce babu kuɗi. Ɗakin gashin ƙashi na matakin farko ba ya buƙatar na'urorin miliyoyi. Gadon motsa jiki, ƙarafan koyon tafiya, sandunan dogarawa, keken guragu da ma'aikaci mai horo sun isa a fara. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, ta sake ayyana ta a fannin lafiya a 2024. Malamin da ke kwance yana tsakiyar waɗannan dokoki biyu. Kowane malami da aka bari ya nakasa, aji guda ne aka rufe a yankin da malamai suka riga suka yi ƙaranci.

Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata, har da gwamnati, ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin diyya da jinya da farfaɗo da wanda ya ji rauni a bakin aiki ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shigar keken guragu. Wa'adin ya cika a 2024. Kowa ya dubi matakalar ajinsa ya ba kansa amsa.

Saboda haka wannan reshe yana neman abu huɗu. Na farko, a samar da sashen gashin ƙashi mai aiki, da ma'aikaci na dindindin, a manyan asibitocin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Na biyu, a tabbatar kowane malami yana cikin asusun diyya, a kuma baje shaidar biyan kuɗin a gaban ƙungiya. Na uku, kada a tsayar da albashin malamin da ke jinya don bai tsaya a layin tantancewa ba. Wanda ke kwance da takardar likita ba ma'aikacin bogi ba ne, a je a tantance shi inda yake. Na huɗu, wanda ya farfaɗo a mayar da shi makarantar da ke kusa da gidansa, a ba shi aikin da jikinsa zai ɗauka, maimakon a tura shi ritayar dole.

Ga iyalai kuma, kada ku rufe majinyaci a ɗaki da sunan tausayi. Haƙuri da ƙaddara bai hana neman magani ba. Ku riƙa juya shi a shimfiɗa, ku motsa masa hannu da ƙafa kamar yadda likita ya nuna, kuma kada a kai karaya mai buɗaɗɗen rauni wurin mai ɗori kafin asibiti ya gani.

Muna kira ga wakilin ƙungiya a kowace makaranta ya kawo wa sakataren reshe sunayen malaman da ke jinya a gida kafin zamanmu na gaba. Da wannan lissafi na uku za mu tunkari hukuma. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.