Yawon buɗe ido a ƙasar ƙanƙara: ka yi tambaya kafin ka biya

Da zarar hutun ƙarshen shekara ya matso, sai talla ta cika Facebook da WhatsApp: kwana bakwai a Finlan ko Norwe, da masauki, da abinci, da jagora, ka taka dusar ƙanƙara, ka ga koren hasken nan da ke rawa a sama da dare. A da mukan ce harkar Turawa ce da masu gidaje a Cocody. Yanzu kuwa har a cikinmu, 'yan kasuwar Adjamé da Treichville da Allah ya buɗa wa, akwai masu zuba adashe don irin wannan tafiya.

Ni ban ga laifinsu ba. Na san wasu za su ce da kuɗin nan ai gara Umra, kuma maganarsu tana da nauyi ga wanda bai taɓa zuwa Makka ba. Amma wanda ya sauke farali, bai tauye cefanen gida ko kuɗin lakwal na yara ba, in ya tafi ganin ikon Allah a wata ƙasa bai yi ɓarna ba. Abin da nake ja a kai shi ne yadda muke miƙa kuɗi da fasfo ga mai ajans, mu koma gida mu miƙe ƙafa, wai ai "komai na ciki". To, wanda ya tsara tafiyar nan bai tsara ta don mutumin da ya tashi a bakin ruwan Ébrié, mai salla biyar a rana ba. Sauran shirin a wuyanka yake.

Mu fara da takardu. Finlan da Norwe da Suwidin duk suna cikin yankin Shengen. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin biza ga babba ya koma yuro 90, wajen sefa 59,000 ke nan, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a maido maka ko dala. Ana neman asirans na lafiya da zai iya ɗaukar yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20. Fasfo kuma sai yana da sauran wata uku bayan ranar da za ka baro can, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Kana iya ajiye takardu tun saura wata shida. Amsa takan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Saboda haka tambayar farko ga mai ajans ita ce: in ba a ba ni biza ba, nawa za ka maido mini, kuma ina aka rubuta? Duk wanda ya rantse maka cewa biza a hannunsa take, rufe jakarka ka tashi. Ambasad ce ke bayarwa. Ka kuma tambayi ta inda za a bi, domin babu jirgin da ke tashi daga Port-Bouët ya dire can kai tsaye. Sai an canza a Faris, ko Birasels, ko Istanbul.

Sai sanyi. Mu da hunturun Janairu na 'yan kwanaki ke sa mu jawo bargo, ba mu san abin da ake kira sanyi ba. A Rovaniemi ta Finlan, a tsakiyar hunturu, digiri 10 ƙasa da sifiri abin yau da kullum ne, wani lokaci har 30. Shadda da atamfa auduga ce. In ta sha gumi sai ta riƙe shi ta daskarar da kai. Ana sa kaya hawa uku: na ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, sannan wanda ke tare iska da ruwa a waje. Da yawa daga ciki za ka samu a gwanjon Adjamé da araha in ka fara nema da wuri, amma ka tambaya ko kamfanin zai ba da aron babbar riga da takalmin ƙanƙara, don kada ka saya sau biyu. Ka riƙe man kaɗanya saboda leɓe da fata, ka kuma ajiye waya a aljihun ciki, sanyi na shanye batir. Mai hawan jini, ko asma, ko sikila, ya ga likita kafin ya biya kuɗi, ba bayan ya biya ba.

Abin da ya fi damuna, wanda ba za ka gani a takardar talla ba, shi ne salla. A aji nakan riƙe lemu da tocila in nuna wa yara yadda duniya take a karkace wajen digiri 23 da rabi. Abijan tana kusa da tsakiyar duniya, shi ya sa darenmu da yininmu kusan awa 12 ne kowanne duk shekara. Can ba haka ba ne. A Rovaniemi, ƙarshen Disamba, yinin bai kai awa uku ba: Azahar, La'asar da Magariba sai su zo a jere kana cikin mota ko kan keken da karnuka ke ja. A Tromsø ta Norwe rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu.

Matsalar tsohuwa ce. Ahmad ibn Fadlan, wanda halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza a 921, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga a 922. Ya ba da labarin yadda gemunsa ya daskare a hanya bayan wanka, da ladanin da ya daina barcin dare don tsoron kada Asuba ta kuɓuce masa saboda gajartar daren. Malamai sun daɗe da yin bayani: inda alamun lokaci suka ɓace, ana ƙiyasi da gari mafi kusa da ke da dare da yini, wasu kuma da Makka. Musulmin Tromsø suna da masallacinsu, kuma a watannin da rana ba ta faɗuwa lokacin Makka suke bi. Kai dai ka zauna da malaminka tun a nan. Ka tambaye shi kasaru, wadda a mazhabar Malikiyya take yankewa in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Ka tambaye shi haɗa salloli, da shafa a kan huffi, wanda a wurinmu sai na fata. Huffin nan saye shi a Treichville ya fi sauƙi a kan cire takalmi a cikin ƙanƙara.

Abinci ma haka. Naman alade na shiga miya da tsiran Turawa ba tare da ka gane ba, naman barewar can kuwa ba ka san wa ya yanka ba. Kifi dai ga shi nan tuli, kuma wanda ya girma da garba ba zai raina kifi ba. Ka sa a rubuta maka wannan a takardar yarjejeniya. Ka kuma sani hasken da aka yi maka talla da shi ba a kiransa ya zo. Gajimare na iya rufe shi mako guda cur, kuma babu jagoran da zai biya ka.

Kalma ta ƙarshe ga matasanmu. Wanda ya karɓi bizar yawon buɗe ido ya sulale daga ayari, ya ci amanar da ya sa wa hannu, ya kuma ƙara wa na bayansa wahala a ambasad. In ka tafi, ka dawo ranar da ka ce. Yaranmu na lakwal suna jiran wanda zai gaya musu, da Hausa, yadda gari yake wayewa ba tare da rana ta fito ba.