ME YA SA KA ZAƁI AIKIN GASHI?

Jama'a, ga wata magana da ta shafi samari da 'yammatanmu na Jarwal da Misfala da Shara Mansur waɗanda suka koyi aikin gashin ƙashi, watau abin da mutanen ƙasar nan ke kira ilaj ɗabi'i. Yaro ya gama karatu a Jami'ar Ummul Ƙura, ya yi shekarar imtiyaz a asibiti, ya karɓi rajista daga Hukumar Ƙwarewar Aikin Lafiya ta Saudiyya. Saura abu ɗaya, shi ne muƙabala da masu ɗaukar aiki. Da wuya a tashi daga wannan zama ba a tambaye shi ba, “Me ya sa ka zaɓi wannan aiki?” To, a nan ne da yawa ke tuntuɓe.

Kada kowa ya raina wannan tambaya. A shekarar 2025 aka fara aiki da dokar da ta ce a asibitocin da ba na gwamnati ba, kashi 80 cikin 100 na masu aikin gashi su zama 'yan ƙasa. Wanda ke da takardar ɗan ƙasa a cikinmu, ƙofa ta ƙara buɗe masa, amma ba shi kaɗai ne a bakinta ba. Wanda kuwa iƙama ce a hannunsa, gurbi ɗaya cikin biyar yake nema. Kowanne dai bakinsa ne zai fisshe shi.

Waɗansu kan ce, “Ina son taimakon mutane.” Wannan magana ta tsufa a kunnen masu tambaya, direban motar asibiti ma yana iya faɗinta. Waɗansu kuma su ce, “Likita na so zama, maki ne bai kai ba.” Wa zai ba ka amanar majiyyaci bayan ka gaya masa zuciyarka tana wani wuri?

A ganinmu, amsar kirki ita ce wadda ke da mutum a cikinta. Kai yaro, zauna tun kafin ranar ka tuna majiyyacin da ya fi tsaya maka a rai lokacin imtiyaz. Ko dattijo ne mai shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi makonni ana koya masa tashi daga gado. Faɗi abin da ka gani, da abin da hannunka ya yi, da abin da ka koya, ba tare da ambaton sunansa ba. Wannan aiki na haƙuri ne, sauƙinsa taki-taki yake zuwa, mai tambaya kuwa so yake ya san ko za ka jure.

Har wa yau, kada ka ɓoye asalinka. Kakanninmu da yawa a ƙasa suka tako daga Kano da Sakkwato, suka ratsa Sudan har Sawakin, waɗansu bayan yaƙin Burmi na 1903. Gidajen da suka san maɗori da mai tausa ba baƙin wannan sana'a ba ne. Sa'an nan dubi inda kake zaune. Safa da Marwa kaɗai, kai da kawowa bakwai, sun kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi, ga tafiyar Mina. A 2023 kujera 95,000 aka ware wa Nijeriya, ban da Nijar da Gana. Tsohuwar da gwiwarta ta ƙi, ba ta jin Larabci, wa zai ce mata, “Iya, ɗaga ƙafa a hankali”? Gashi ba ya yiwuwa sai majiyyaci ya gane umarni. Saboda haka Hausarka jari ce, ka ambace ta.

In an zo batun albashi, kada ka yi kamar ba ka bukata. Neman halali ba abin kunya ba ne, sai dai kada ya zama shi ne farkon maganarka.

Iyaye kuma, ku zaunar da yaranku ku yi musu wannan tambaya a gida, da Larabci da Turanci, har bakinsu ya saba. Da shiri a kan shiga rijiya. Allah ya sa a dace, amin.