Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

A ƙasar Amurka akwai waɗansu 'yan ƙananan littattafai da a ke bugawa domin yara da samari. Labarin da ke cikinsu da zane a ke ba da shi, hoto bayan hoto, maganar kowane mutum kuwa a rubuta ta kusa da bakinsa. Yawancinsu labarin jarumai ne na ƙage, masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Wani ya tashi sama kamar shaho, wani ya hau bango kamar gizo-gizo, wani ya rufe fuskarsa ya fita da dare yana farautar ɓarayi. Su ne Superman, da Spider-Man, da Batman, waɗanda a ke ganinsu a majigi ko'ina cikin duniya.

Mutane iri biyu ne ke tara tsofaffin littattafan nan. Akwai mai tarawa don sha'awa, watau wanda ya karanta su tun yana yaro, ya girma yana son zanen da labarin, in ya sami 'yan kuɗin da ba ya bukata sai ya sayi wanda ya rasa don ya cika jerinsa. Akwai kuma mai tarawa don riba, wanda dillalai suka gaya wa wai takardar nan jari ce, ta fi gona, ta fi ajiyar banki. Na farko bai yi wa kowa laifi ba, ya kuwa san abin da ya saya. Na biyu ruɗinsa aka yi, ya kamata kuma a gaya masa gaskiya tun kuɗinsa na hannunsa.

Ga labarin da dillalai ke jawo mutane da shi. A shekarar 1938 aka buga wani littafi mai suna Action Comics, lamba ta 1, a cikinsa ne Superman ya fara fitowa. Santi 10 a ke sayar da shi, santi 100 kuwa ke yin dala ɗaya. A shekarar 2010 aka sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 1. A 2014 wani ya kai dala miliyan 3.2. A 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da wani a kan dala miliyan 6. Haka kuma littafin da Spider-Man ya fara fitowa a ciki, wanda aka buga a 1962 a kan santi 12, an sayar da guda ɗaya dala miliyan 3.6 a 2021. Duk wannan gaskiya ne, ba mai musu. Amma dillali ya kan tsaya a nan, alhali kuwa sauran labarin shi ne mai amfani ga mai shirin fid da kuɗinsa.

Me ya sa littafin santi 10 ya yi tsada haka? Dalili ɗaya ne, watau saboda mutanen wancan zamani ba su ɗauke shi a bakin kome ba. An buga wajen 200,000, amma waɗanda a ke zaton sun rage a duniya ba su wuce wajen 100 ba, watau ɗaya cikin dubu biyu. Takardar mai araha ce irin ta jarida, ta kan yi ja ta karye. Yara sun karanta, sun naɗe, sun ara wa abokai har ta yage. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka riƙa tattara tsofaffin takardu gida gida don amfanin yaƙi, littattafan nan suka tafi a ciki. Bayan yaƙi kuma aka tashi da maganar wai suna ɓata tarbiyyar yara, har a waɗansu garuruwa a shekarar 1948 aka tara su aka ƙona a fili. Waɗanda suka tsere wa wuta kuwa, iyaye mata sun share su sun zubar sa'ad da 'ya'yansu suka bar gida. Ashe wulakancin da aka yi musu shi ne ya jawo tsadarsu. Da kowa ya ɓoye nasa, da yau ba su fi kuɗin takarda ba.

Wannan ba zato ba ne, gama an gwada an gani. A 1970 aka fara buga wani littafi na farashin tsofaffin littattafan nan, mutane suka fara lissafi. Kafin 1990 labarin tsadarsu ya game Amurka, waɗanda ba su taɓa karanta ko shafi ɗaya ba suka shiga saye don su ajiye wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Masu bugawa da suka ga haka sai suka buɗe injinsu. A 1991 kamfanin Marvel ya fito da X-Men lamba ta 1, ya yi masa bango iri biyar don mutum ɗaya ya sayi biyar, aka sayar da fiye da miliyan 8. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya yi shela wai Superman zai mutu. Mutane suka yi jerin gwano a ƙofar kantuna, aka sayar da littafin cikin baƙar leda a rufe, kowa ya kai gida ya ɓoye bai buɗe ba. Shekara ba ta zagayo ba sai ga Superman ya dawo da rai.

Sa'an nan masu ajiya suka fito da kayansu don su sayar, sai kowa ya tarar maƙwabcinsa ma yana da irinsa goma. Wa zai saya? Daga 1993 kasuwar ta fara rushewa, kantuna dubbai suka rufe, a watan Disamba na 1996 kuma shi kansa Marvel ya je kotu ya ce ya kāsa biyan bashi. Littafin X-Men ɗin nan, bayan shekara talatin da 'yan kai, 'yan daloli kaɗan a ke sayar da shi. Masu neman ƙiba sun samo rama. Har wa yau a 2020 da 2021, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gida, farashi ya sāke hawa ƙwarai, daga 2022 kuma ya gangaro, waɗanda suka saya a ƙarshe su suka kwana ciki.

To, mene ne jari? Mai karatu ya san saniya. In mutum ya saye ta, tana ba shi nono, tana haifa masa maraƙi, ko farashin shanu ya faɗi bai tashi a banza ba. Gona tana ba da hatsi kowace kaka. Gidan haya yana kawo kuɗi kowane wata. Littafin zane da aka kulle a akwati ba ya haihuwa, ba ya tsiro, ba ya biyan haya. Ribar mai shi tana rataye a wuyan mutum guda, watau wanda zai zo nan gaba ya biya fiye da abin da shi ya biya. In wannan mutum ya zo, madalla. In bai zo ba, abin da ke hannun mai ajiya tsohuwar takarda ce. Abin da ribarsa ta dogara ga zuwan wani mai kwaɗayi ya fi kusa da caca bisa ga ciniki.

Ba haihuwa kaɗai ya rasa ba, ci ma ya ke yi. A shekarar 2000 aka kafa wani kamfani mai suna CGC, aikinsa duba lafiyar littafi. A aika masa, a biya shi, ya ba littafin maki daga rabi zuwa 10, sa'an nan ya rufe shi cikin wani allon roba mai haske, wanda ba a buɗewa sai an fasa. Ɗan lanƙwasa a kusurwa, ko ɗigon ruwa, sai maki ya sauka, kuɗi ya bi shi. A 2013 wani magini a jihar Minesota ya sami Action Comics lamba ta 1 cikin bangon wani tsohon gida da ya ke gyarawa. Gardama ta tashi tsakaninsa da wata 'yar'uwar matarsa, garin fizge-fizge bangon littafin ya yage. An sayar da shi dala 175,000, masu gwanjon kuwa suka ce yagewar nan ta rage masa wajen dala 75,000. Wace irin dukiya ce wannan, wadda faɗan gida na minti ɗaya zai cinye mata kuɗin gina gida?

Bayan kuɗin duba lafiya akwai na inshora, da na ɗakin ajiya marar zafi marar laima. In an zo sayarwa, masu gwanjo suna da la'adarsu, wadda ta kan kai wajen kashi ɗaya cikin biyar a kan mai saye, ban da abin da su kan cire wa mai kaya. Akwai kuma masu ha'inci, waɗanda ke datse gefen takarda ko su shafa launi inda ya koɗe don tsoho ya zama kamar sabo. A ƙarshen 2023 ma an gano waɗansu suna buɗe allon robar nan da dabara, su musanya littafin da ke ciki da wanda bai kai shi ba. Ɓarawo kuma bai yi barci ba. Wani shahararren ɗan wasan majigi, Nikolas Kej, an sace masa nasa daga gidansa a shekarar 2000, ba a same shi ba sai a 2011. Kowace hanya aka bi, mai duba lafiya ya karɓi nasa, mai gwanjo ya karɓi nasa, mai inshora ya karɓi nasa, ko farashi ya hau ko ya sauka. Mai ajiya kaɗai ne ke jira.

Wani zai ce, ai ga waɗanda suka ci riba, ba a iya ƙaryata su. Gaskiya ne, amma a duba su wane ne. Kashi na farko attajirai ne masu iya fid da miliyoyi su sayi abin da bai fi guda ɗari a duniya ba, su manta da shi shekara goma, in ya faɗi kuma ba za su rasa tuwon dare ba. Ma'aikaci mai albashi ba ya cikin wannan kasuwa, abin da a ke sayar masa shi ne wanda aka buga dubbai. Kashi na biyu kuwa mutanen da ba su taɓa nufin riba ba ne. Akwai wani mai zanen talla a birnin Denba, wanda ya riƙa sayen littattafan nan tun daga wajen 1938 don su taimake shi a sana'arsa, ya jera su a gidansa da tsabta. A 1977 aka sayi tarin nasa, littattafai wajen dubu goma sha takwas, har yanzu kuwa masana suna lissafta shi cikin mafi kyau da aka taɓa samu. Waɗansu 'yan'uwa uku a Kalifoniya sun sami Superman lamba ta 1 na 1939 cikin kayan mahaifiyarsu da ta rasu, a 2025 aka sayar da shi fiye da dala miliyan 9. Ita kuwa tana yarinya ta saye shi don ta karanta. Wannan rabo ne, rabo kuwa ba a yi masa dabara. Labarin mutum ɗaya da ya dace shi a ke bugawa a jarida, dubban da suka cika ɗakunansu da kwalaye ba mai zuwa tambayarsu.

Akwai wani abin takaici da ya kamata mai lissafin miliyoyi ya tuna. Samari biyu ne suka ƙago Superman, Jeri Sigal mai rubutu, da Jo Shusta mai zane. A 1938 suka sayar da labarin da dukkan haƙƙinsa a kan dala 130. Sun tsufa cikin talauci, ɗaya yana ƙaramin aikin ofis, ɗaya idonsa ya kusa mutuwa, sai a 1975, bayan an yi ta surutu a jaridu, kamfanin ya yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, ya kuma mai da sunansu a kan littafin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai sha'awa ya san sunayen nan, yana kuma girmama su, domin ya karanta aikinsu. Mai neman riba lambar da ke kan allon roba kaɗai ya sani.

A nan ne babbar ɓarnar ta ke. Littafi don karatu aka yi shi. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya fi kowa sanin daɗin buɗe shafi ya ga baƙaƙe sun zama magana. Littafin da aka rufe cikin roba don kada hannu ya taɓa shi ya zama kamar rijiyar da aka toshe bakinta don kada a rage ruwan. Masu riba kuma sun ɗaga farashi har mai son karantawa ba ya iya kusantar waɗansu, sun mai da abin wasan yara kayan taskar attajirai. Sa'ar da aka yi ita ce kamfanonin suna sāke buga tsofaffin labaran cikin sababbin littattafai masu araha, zane ɗaya, magana ɗaya, saboda haka mai son labari bai rasa kome ba.

Shawara ga mai son tara irin waɗannan littattafai gajeriya ce. Ya sayi abin da ya ke so ya karanta, da kuɗin da in sun tafi ba za su hana shi barci ba. Kada ya ci bashi, kada ya taɓa kuɗin abinci ko na makarantar yara, kada kuma ya gaskata wanda ya ce masa wannan sabon bugu zai yi tsada nan gaba, gama da mai sayarwa ya gaskata haka da bai sayar ba. Ya tsare littattafansa daga rana da laima da gara, ya bar 'ya'yansa su karanta. In Allah ya nufa wata rana ɗaya daga ciki ya yi daraja, wannan kyauta ce. In kuwa bai yi ba, ya riga ya ci moriyar kuɗinsa tun ranar da ya karanta. Wanda ya tsaya yana hangen dala miliyan 6 daga nesa, ya tuna hangen Dala ba shiga birni ba ne.